Inda muka kwantar da jariri a ɗakin da gado ya cinye

Ranar da aka yi min jere, mata sai guɗa suke yi, kowa na yaba gadon. Babu wadda ta lura cewa gadon ya cinye ɗakin. Shida-shida ne mai ƙaton allon kai, ɗakin kuwa ƙafa 10 ne da 11. Da aka kafa wadrob da madubi da durowar gefen gado, aka jibge akwatunan lefe a saman wadrob, abin da ya rage 'yar hanya ce da ba ta wuce ƙafa uku ba tsakanin gado da bango. Shekara huɗu muna zaune haka a gidan haya, ciki da falo, a nan cikin Kano, ban taɓa jin ƙuncin wurin ba sai da cikina na biyu ya shiga wata bakwai.

A haihuwar fari gida na tafi wanka. Yarinyar (ba zan kama suna ba, 'yar fari ce) tsakanina da Hajiyarmu take kwana, a kan katifa mai laushi, cikin bargonmu, kuma Allah ya tsare. Wannan karon a ɗakina zan yi jego, Goggo ce za ta zo ta zauna da ni har arba'in. Ita kuwa 'yar fari shekararta biyu da rabi, har lokacin a gadonmu take kwana, irin barcin nan da za ki kwantar da yaro kansa na gabas, ki farka ki tarar da diddigensa a bakinki.

A wajen awo maganar ta taso. Malamar asibitin da ke yi mana bayani kafin a fara ganin likita ta tambaye mu, “Idan kun haihu, a ina jariri zai kwana?” Aka yi dariya. Wata ta ce, “A gefena mana, Sista, ko a falo zan kai shi?” Malamar ba ta yi dariya ba. Ta ce a ɗakinki zai kwana, kusa da ke yadda hannunki zai kai, aƙalla wata shida, amma a shimfiɗarsa shi kaɗai. A rigingine, a wuri mai tauri, shimfiɗaɗɗe ba mai tudu ba, kuma babu komai a ciki sai shi. Ta ce akwai jariran da ake kwantarwa lafiya lau a wayi gari babu rai, ba ciwo ba komai, kuma abin ya fi yawa daga wata biyu zuwa huɗu. Wasu kuma danne su ake yi cikin nauyin barci, ko fuskarsu ta nutse a filo ko bargo, su yi ta shaƙar iskar da suka fitar, ba su da ƙarfin wuyan da za su kauda kai.

Ɗakin ya yi tsit. Kusan kowacce a cikinmu ta san labari irin wannan a dangi ko a unguwa, sai dai a gida ba a tsayawa bin ba'asi, a ce kwana ne ya ƙare a yi shiru. Kwana kam shi ne ya ƙare, babu mai ja. Amma raƙumi ma sai an ɗaure shi ake tawakkali.

Da na koma gida na ɗauki awon tela na gwada hanyar nan. Maigidan yana kallona daga bakin ƙofa, ya ce, “Ke kuma gini za ki yi?” Na ce gadon jariri nake nema wa wuri. Ya dubi ɗakin, ya dube ni, ya ce sai dai mu rataye shi a silin.

Ranar Asabar muka shiga Sabon Gari. Gadajen jarirai na kanti katifarsu santimita 60 ce da 120, wato kusan ƙafa biyu da huɗu, idan aka haɗa da katakon ya ɗara haka. Da mun sa shi a hanyar nan, sai dai in riƙa tsallake maigidan in sauka ta ƙarshen gado, da tsohon ciki yanzu, da ɗanyen jiki nan gaba. Kuɗinsa ma ya kusa rabin albashi. Ga shi duk an cika su da ado: filo, da bargo mai gashi, da wata doguwar matashiya da ake zagaye cikin gadon da ita wai kada yaro ya bugu. Mai shagon ya nuna ta a matsayin abin da ya sa gadon ya fi na maƙwabcinsa. Daga baya na karanta cewa a shekarar 2022 Amurka ta yi dokar hana sayar da wannan matashiyar gaba ɗaya, saboda jarirai na kifa fuska a jikinta.

A wani shagon gwanjo kuma na ga abin da ya tafi da hankalina. Wata 'yar kujerar barci ce mai lilo, an ɗan kishingiɗar da ita, ƙarama ce ƙwarai, ana ninke ta a jingine bayan ƙofa. Na ce to, ga maganin ɗakina. Har mun yi ciniki, sai na tuna malamar ta ce ba mai tudu ba. Na ɗauki hotonta na ce zan dawo. A daren na bincika a waya, jikina ya yi sanyi. Irin wannan kujerar ce kamfaninta ya janye daga kasuwa a Amurka a watan Afrilu na 2019, guda miliyan 4.7, bayan mutuwar jarirai fiye da talatin. Idan jariri ya kishingiɗa, kansa mai nauyi kan rinjaya gaba, haɓa ta taɓa ƙirji, hanyar numfashi ta matse. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce duk shimfiɗar da tudunta ya wuce digiri 10 ba wurin barcin jariri ba ce. Abin da ya tsaya min a rai shi ne, kayan da aka kora daga can ba sa ɓacewa. Wasu dila ake ɗaure su, su sauka a kasuwanninmu, mai sayarwar ma bai san tarihinsu ba.

A binciken nan ne na ga cewa ba mu kaɗai ne masu ƙaramin ɗaki ba. A Finland tun 1938 gwamnati take ba masu haihuwa kwali cike da kayan jariri, da 'yar katifa a ƙasansa, kwalin kansa ya zama gadon farko. Mutanen Maori na New Zealand kuma kwando suke saƙawa da ganyen wata ciyawa tasu, mai lebur ɗin gindi, suna kiransa wahakura. Sai na ga ashe jariri ba fili yake buƙata ba. Ɗan wuri yake so nasa na kansa, mai iyaka. Na so in sa a saƙa min kwando, mu da muke da masu saƙar kaba, amma na tuna 'yar fari. Duk abin da ke ƙasa nata ne, ko ta shiga ciki ko ta ja shi.

Sai muka tafi wajen kafinta a bakin layinmu. Na je da takarda na zana: faɗi ƙafa ɗaya da rabi, tsawo ƙafa uku, ƙafafunsa su ɗaga shi daidai tsayin katifarmu don in riƙa ganin yaro ina kwance, bangon gefe kuma ya tashi sama da katifarsa sosai. Gefe na sanduna nake so don iska ta ratsa, kuma tsakanin sanda da sanda kada ya wuce santimita 6.

Ya ce, “Hajiya, sanduna za su yi yawa, katako zai ci kuɗi. Bari in ɗan buɗa su, ya fi kyau ma a ido.”

Na ce, “Malam, jikin jariri yana iya zurarewa ta tsakani, kan ya maƙale. Kai dai yi yadda na ce.”

Ranar karɓa na tafi da gwangwanin lemo a jaka, don na karanta cewa idan gwangwani ya wuce tsakanin sanduna to sun yi faɗi. Ina gwadawa ɗaya bayan ɗaya, yaran shagon suna ƙunshe dariya. A wuri biyu ya wuce salin-alin. Malam ya sosa ƙeya ya ce ido ne ya yaudare shi, ya cire ya sake jerawa. Na ce kada a yi fenti, a goge shi da sanfefa kawai ya yi sumul, a duba kada kan ƙusa ya leƙo. Ƙasan kuma falanki ne guda, ba raga ba. Na sa ya ƙara sanduna huɗu siraran a kusurwoyi da za su riƙe gidan sauro can sama.

Katifa ta fi ba ni wahala. Mai soso ya miƙo min mai laushi, ya ce ai fatar jariri ba ta son tauri. Na danna tafin hannuna ya nutse har wuyan hannu. Na ce a ba ni mafi tauri, kauri inci biyu. Wanda na ɗauka, idan kika danna kika ɗaga hannu nan take yake komawa, ba ya barin gurbi. Aka yanka shi daidai cikin gadon, yadda yatsu biyu ba za su shiga tsakanin katifa da katako ba. Tela ta ɗinke shi cikin makintosh, ta yi min zanin gado uku masu roba a baki waɗanda suke kama katifar tam.

Don gadon ya samu wuri, durowar gefen gado ta koma falo, madubi ya bi ta. Wannan ya ɗan yi min ciwo, ba zan ɓoye ba, madubin nan Hajiyarmu ce ta zaɓa da kanta. Muka ajiye gadon jariri a gurbin durowar, daidai kaina. Labulen taga yana da igiya mai tuntu da take saukowa kusa da wurin, na yanke ta. Cajar waya da take reto daga soket ita ma ta koma falo. Gidan sauro mai magani da aka ba ni a wajen awo na shanya shi a inuwa kwana guda kamar yadda aka ce, tela ta rage shi, ta sa masa roba a ƙasa. Ta wajen sanduna yake sauka ya kama ƙarƙashin gadon, ba ya lilo a kan fuskar yaro. A ƙasar da take ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu zazzaɓin cizon sauro a duniya, duk tsarin kwanciyar da bai yi lissafin sauro ba bai fara ba.

Na haihu a watan Disamba, tsakiyar hunturu, namiji. Goggo ta iso da ƙullin kayanta da kaskonta. Ta tsaya a kan gadon nan ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, “'Yar nan, wannan akurkin fa? Ɗan mutum za ki sa a ciki kamar ɗan tsako, ba filo ba bargo, da wannan sanyin?”

A nan aikin gaske ya fara. Kafinta da mai soso kuɗi na ba su. Goggo kuwa 'ya'ya tara ta haifa, ta yi wa mata jego ba adadi, ni kuma na zo mata da zancen waya.

Rigimar farko kwanciya ce. Ita a gefe take kwantar da jariri, ta tokare bayansa da naɗaɗɗen zani, wani lokacin ma rub da ciki, wai ya fi barci kuma idan ya yi tumbiɗi ba zai ƙware ba. Maganar barci gaskiya ce, ya fi nisa a barci, kuma nisan barcin shi ne haɗarin, don jaririn da numfashinsa ya samu matsala so ake ya farka. Maganar tumbiɗi kuwa malamar asibiti ta zana mana ita a allo: hanyar numfashi tana gaba, hanyar abinci tana bayanta. Idan yaro yana rigingine, ta numfashi ce a sama, abin da ya taso sai ya koma ƙasa ya haɗiye. Idan yana kife, nonon a bakin hanyar numfashi yake taruwa. Na ce, “Goggo, ki yi haƙuri, su ma Turawan da likitocinsu kife yara suke cewa a yi. Sai a 1991 Ingila ta fara kamfen a koma rigingine, Amurka ta biyo a 1994, kuma mutuwar jarirai a cikin barci ta ragu da fiye da rabi.” Abin da ya shige ta ba lissafin ba ne. Jin cewa likitoci ma sun taɓa yin kuskuren ne ya sa ta sassauta. Ta ce, “Ashe su ma suna ɓata.” Ta ƙara da cewa ƙeyarsa za ta baje. Muka shirya a kan cewa da rana, idan idonsa biyu, za ta riƙa kifa shi a cinyarta ko a ƙirjinta tana kallonsa, da dare kuma rigingine.

Sanyi kuwa da gaskiyarta, hunturun Kano ba wasa ba ne. Maimakon bargo, tela ta ɗinka min wata rigar barci kamar buhu da yadi mai ɗumi, marar hannu, wuyanta daidai yadda kai ba zai zame ciki ba, zif a gaba. Ana sa masa riga mai dogon hannu da safa, a zura shi ciki. Ƙa'idar da aka ba mu ita ce a ƙara masa riga ɗaya a kan abin da babba ya sa ya ji daidai. Goggo takan taɓa tafin ƙafarsa ta ce ƙanƙara, ni kuma in zura hannu a ƙirjinsa ko ƙeyarsa in ji ɗumi. Hannu da ƙafar jariri dama sun fi sauran jiki sanyi. Wani dare na farka na tarar ta lulluɓe shi da shawul biyu har hanci, ga hular ulu, ƙeyarsa sharkaf da gumi. Ban ce komai ba, na kama hannunta na ɗora a wurin. Tun daga ranar ba ta ƙara ba. Wannan fa yaro ne da ya cika watanninsa da nauyinsa. Bakwaini lissafinsa daban, na asibiti za a bi.

Sai kasko. Ɗakin mai jego ba ya rabuwa da turaren wuta, ni ma ina so. Amma ɗaki ƙafa 10 da 11, taga a rufe saboda ƙura, hayaƙi ba shi da wajen zuwa sai huhun yaro. Muka mayar da turare falo, a turara kayana a can, ƙamshin ya biyo ni. Garwashin ɗumama ɗaki kuwa a nan ne kawai na ƙi sassauci ko kaɗan, don gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, manya ma tana kashe su a cikin barci. Igiyar leƙo da fiya-fiya su ma ba su shiga ba.

Akwai kuma wuƙa. Rana ta uku ina gyara zanin gadon na ji abu a ƙarƙashi ta wajen kai, na ɗaga na ga 'yar wuƙa naɗe a tsumma. Na san al'adar, wai don kada a taɓa yaro idan an bar shi shi kaɗai. Na kai mata ita da hannu biyu na ce, “Goggo, ga mai shekara biyu a gidan nan, babu inda hannunta ba ya zuwa. Mu riƙa yi masa addu'ar da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yake yi wa Hasan da Husaini.” Ta karɓa ta ce ai dama tana yi.

Ranar suna aka tara mana kaya: filon jarirai uku, 'yan tsana masu gashi, da gidan sauron nan mai buɗewa kamar lema wanda yake zuwa da 'yar katifarsa mai laushi da filo. Na yi godiya, na zuba su a akwatin lefe. Ba ƙaramin aiki ba ne barin gadon jariri fayau alhali kowa ya shigo barka sai ya ce an bar yaro a kan katako.

Duk wannan tsarin, ni ce na fara karya shi. Goggo ta tafi bayan arba'in, maigidan ya dawo ɗaki daga falo. Yaron yana farkawa sau uku, sau huɗu. Wani dare, yana da sati bakwai, na ɗauke shi na fita falo don kada kukansa ya hana mai fita aiki da asuba barci. Na zauna a doguwar kujera ina ba shi nono. Ban san lokacin da barci ya sace ni ba. Kiran assalatu ne ya farkar da ni, hannuna babu kowa. Ya zame ya shige tsakanin cinyata da hannun kujera, rabin fuskarsa a jikin kushin. Na fizgo shi, ya yi miƙa, ya buɗe baki ya tsala kuka. Ban taɓa jin daɗin kukan yaro kamar na wannan asubar ba. Na zauna a ƙasa ina rawar jiki har aka idar da salla.

Da na koma rigakafi na gaya wa malamar. Ba ta yi min faɗa ba. Ta ce kujera ta fi ko'ina haɗari, ta fi gadon manya nesa ba kusa ba, kuma babu mai shayarwar da barci ba ya sacewa, don haka a shirya masa tun kafin ya zo. Idan kin ji alamar barci zai ɗauke ki, gara ki shayar a kan gado wanda kika riga kika kwashe filo da bargo daga ɓangarenki, da kin farka ki mayar da shi wurinsa. Ta ce shayarwar ma kariya ce, kada tsoro ya sa in rage. Sai dai ta ja kunne: kada yaro ya kwana kusa da wanda ya sha maganin da ke sa barci, ko mai shan taba, kada kuma ya kwana kusa da yayarsa.

A ranar muka sake shiri. 'Yar fari, wadda ta koma gadonmu bayan tafiyar Goggo, aka saya mata 'yar katifa, da dare a shimfiɗa a ƙarshen gado da nata gidan sauron, da safe a jingine. Ta yi kwana huɗu tana bore, sai da aka ce ai ita Yaya ce, Yaya kuwa gadonta daban. Na daina rufa da bargo, na koma sa rigar sanyi da zani iya ƙugu. Filo ɗaya na bari. Maigidan ya ce in daina fita falo, kuka dai ya ji ya gani. Ya ɗauki aiki guda: duk lokacin da ya farka ya ga yaro a gefena ina barci, shi zai ɗauke shi ya mayar. Sau da yawa da safe nakan tarar da yaron a gadonsa ban san yadda aka yi ba.

Da zafi ya shigo a watan Maris, buhun barci ya koma akwati, ya rage daga shi sai singileti da nafkin, sandunan da Malam ya so ya rage kuma suka yi ranarsu, iskar fanka tana ratsawa. Yana cika wata biyar ya fara juyawa yana dafa hannu yana ɗaga ƙirji, ƙafarsa tana dukan ƙarshen gadon. Gadon ya gama aikinsa. Maƙwabciyata da ke da ciki wata takwas ta aiko a tambaya ko zan ba ta aro. Na ba ta, na ce ta yanko sabon soso, na kuma bi ta da zanin gado biyu masu roba. Mu kuwa jiya da dare maigidan ne da kansa ya ɗauko awon tela, yana gwada bangon da wadrob take, yana tambayata ko akwai abin da ke cikinta da ba zai iya zama a falo ba.